Kilomita 52 ta cinye maka awa bakwai? Ga yadda ake zaɓen hanyar keken burji a dajin tsauni

"Salamu alaikum Malam. Wata huɗu ke nan da na sayi keken burji, a kan kwalta ina yin kilomita 70 ba wata damuwa. Ranar Asabar na ɗauko wata hanya a manhaja, kilomita 52 ce kacal cikin wani daji mai tsaunuka, na ce ai awa uku na dawo. Wallahi sai da na yi awa bakwai, rabin hawan turin keken na yi ta yi, a gangara kuma hannuna ya mutu murus, duhu ya kusa rufe ni a ciki. Daga baya na duba na ga an rubuta hawa mita 1,450. Shin keken ne bai dace ba, ko ni ne ban iya zaɓen hanya ba? Ku yaya kuke tsara hanya a irin wannan wuri?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da wahala, kuma alhamdu lillahi da ka fito lafiya. In na fahimce ka tambaya biyu ka haɗa a guri ɗaya, ta farko me ya sa gajeriyar hanya ta gagare ka alhali kana cin doguwa a kwalta, ta biyu kuma ta yaya mutum zai san halin hanya tun yana gida kafin ya je ya sha mamaki a tsakiyar kurmi. Keken naka ina ganin ba shi da babban laifi, sai dai giya da iskar taya da zan zo kansu. Abin da ya kayar da kai shi ne ka karanta lamba ɗaya, wato 52, ka bar ɗaya lambar da ke gefenta, ita kuwa 1,450 ɗin nan ita ce hanyar. Ni ma haka ta faru da ni a shekarar da na fara shiga daji da keke, kuma kusan duk wanda na taɓa raka wa karon farko da wannan kuskuren yake zuwa, don kwalta ce ta koya mana auna tafiya da tsawo.

Lissafin da ya kamata ka yi tun a ɗaki

Ka raba hawa da tsawon hanya. Mita 1,450 a kan kilomita 52 ya ba ka kusan mita 28 a kowace kilomita. A yadda nake kallon abin, hanyar da ke da mita 10 ko ƙasa da haka a kilomita hanyar shan iska ce, mita 15 zuwa 20 ka shiga tsauni sosai za ka ji a cinya, in ta wuce 25 kuwa to wannan ta 'yan gari ce waɗanda suka saba, ba ta wanda ya yi wata huɗu da keke ba. Kuma ka lura da wani abu, tunda zagaye ka yi ka dawo inda ka tashi, duk abin da ka hau sai ka sauke shi, ke nan hawan nan ba a kan kilomita 52 ya bazu ba. In ka cire gangara da ɗan filin da ke cikin kwari wataƙila a cikin kilomita 15 ko 18 aka cusa shi duka, mita 1,450 a kilomita 15 kuwa kusan kashi 10 cikin ɗari ke nan, ma'ana duk mita 100 da ka yi gaba ka yi mita 10 sama. A kan tsakuwa! Ai dole ka tura.

Masu hawan dutse da ƙafa suna da wata tsohuwar ƙa'ida da wani mutumin Sikotlan, William Naismith, ya fitar a 1892, cewa ka ba kanka awa ɗaya a kowace kilomita 5, sannan ka ƙara awa ɗaya a kowace mita 600 ta hawa. Ni irinta nake yi wa keke da ɗan gyara, na raba tsawon hanya da 18, na raba hawan da 600, na haɗa, sannan na ƙara lokacin hutu da na ɓata hanya. Gwada da taka, 52 a raba da 18 kusan awa uku, 1,450 a raba da 600 kusan awa biyu da rabi, ka ga awa biyar da rabi ke nan ba ka tsaya ko sau ɗaya ba, ka sa hutu da ɗaukar hoto da duba waya a mararraba, awa shida da wani abu. To ka ga awa bakwan da ka yi ba abin kunya ba ne, awa ukun da ka sa a ranka ce tatsuniya. Waɗannan lambobin 18 da 600 na ƙafata ne da ƙafar irin mutanen da nake fita da su, kai bayan fita uku ko huɗu ka duba abin da agogonka ya rubuta ka gyara su daidai da kai, mai ƙarfi zai iya sa 22 da 800.

Bari in nuna maka dalilin da ya sa ƙarfin kwalta ba ya ceto a nan. A ce kai da keke da ruwa da jaka kun kai kilo 90, kana hawa tudun kashi 10 da gudun kilomita 8 a awa, wanda gudu ne na kunkuru. Ɗaga wannan nauyin kaɗai yana cin kusan wat 200 (wat ma'aunin ƙarfin da ƙafa ke fitarwa ne), ba a sa abin da tsakuwa ke sacewa a ƙarƙashin taya ba. Mutum na yau da kullum zai iya riƙe wannan na minti goma, amma na minti arba'in a jere, sau uku a yini ɗaya, sai wanda ya horu. A fili in ka gaji kana iya sakin feda keke ya ci gaba da tafiya, a tudu kana saki ka tsaya cak, tashi kuma a kan tsakuwa mai zamewa wani aiki ne daban, tayar baya ta yi ta juyawa a banza.

Shi ya sa giya ta fi komai muhimmanci a jikin keken. Ka ƙirga haƙoran ƙaramin faifan gaba da na babban faifan baya. In na gaba ya fi na baya yawa, misali 34 da 32 irin na keken kwalta, to a tudun daji za ka sha wuya ko kai waye. Abin da kake so shi ne na baya ya kai na gaba ko ya fi shi, kamar 40 a gaba 42 a baya, ko 30 a gaba 34 a baya irin wanda kayan giyar keken burji na Shimano GRX ke zuwa da shi tun da aka fito da shi a 2019. Da 30 da 34, zagaye ɗaya na feda yana kai ka kusan mita biyu, in kana juya ƙafa sau 70 a minti kana tafiya kilomita 8 a awa kana zaune a sirdi, zaman nan kuwa shi ne sirrin, don nauyinka ne ke danne tayar baya ta kama ƙasa, kana miƙewa tsaye kamar yadda ake yi a kwalta sai ta zame. Ban taɓa jin wanda ya dawo daga tsauni yana kukan giyarsa ta yi sauƙi da yawa ba.

Hanyar daji ba iri ɗaya ba ce

Nan ne nake so ka tsaya da kyau, don in ka gane wa aka yi wa hanya za ka iya karanta ta a taswira. Manyan hanyoyin daji ba don mu masu keke aka yi su ba, don motocin ɗaukar gungumen katako aka yi su. Mota mai nauyin tan da yawa ba za ta iya miƙe tudu kai tsaye ba, saboda haka injiniya ya kan ja hanyar tana kwana tana kwana a jikin tsaunin, hawa a hankali, an zuba tsakuwa an daddanne, an yi magudanar ruwa a gefe. Wannan ita ce aljannar keken burji, in ka ga layi a taswira yana lanƙwasa kamar maciji yana bin gefen tsauni to yawanci ita ce. Amma daga jikinta akwai wasu ƙananan hanyoyi da injin jan itace ke bi ya gangaro da gungume zuwa babbar hanya, su waɗannan miƙewa suke sama ɗoɗar, ba tsakuwa, sai laka da ramin taya da rassan da aka sassare aka bari. A taswira su ma layi ne, kuma da yake sun fi gajarta manhaja tana son su, tana ganin ta rage maka kilomita biyu, ba ta san ta ƙara maka awa guda na turi ba. Ina kyautata zaton inda ka yi turin nan irin su ne. Alamar da nake dubawa mai sauƙi ce, taswirar tsauni tana da siraran layuka masu nuna tsayin ƙasa, in hanya tana tafiya kusan gefe da gefe da su tana tsallake su ɗaya bayan ɗaya a hankali to lafiya, in kuwa ta yanke su a tsaye kuma layukan sun matse da juna, ka guje ta ko da ta yi kyau a ido.

Yawancin manhajojin nan, Komoot da Ride with GPS da Strava da sauransu, daga OpenStreetMap suke ɗebo bayanin hanya, ita kuwa 'yan sa kai ne ke zana ta. A cikinta an kasa hanyoyin gona da na daji mataki biyar. Mataki na 1 ƙasa ce mai tauri ƙwarai ko ma an shimfiɗa mata wani abu, na 2 tsakuwa ce dannanniya, na 3 rabi tauri rabi laushi, na 4 yawanci ƙasa ce da ciyawa, na 5 kuwa laushi zalla, wani lokaci sai ka ƙura ido kafin ka gane hanya ce. Ni in ina tsara wa sabon shiga, kashi mafi yawa daga 1 da 2 nake ɗauka, na 3 kaɗan kuma a fili ko hawa mai sauƙi, 4 da 5 sai in rani ne ƙasa ta bushe kuma gajere ne. Amma ka tuna wanda ya sa wannan matakin wataƙila shekara takwas da suka wuce ya bi ta wurin, bayansa an yi saran itace, manyan motoci sun kwaɓe ta, ruwa ya ci gefe guda. Saboda haka bayan taswira ina duba abu biyu, hotunan da mutane suka ɗora kwanan nan a kan wannan yankin, da taswirar zafi ta Strava mai nuna inda masu keke suka fi bi. Layin da ya yi haske ana bin sa, wanda ya yi duhu alhali yana kusa da gari to akwai dalili. Sai dai a nan ma da tarko, haske ba ya gaya maka wane irin keke ne ya bi, wata siririyar hanya mai haske sosai ta masu keken dutse ce da ke gangarowa a guje cikin saiwoyi da duwatsu, kai da tayarka mai milimita 40 ba ka da abin yi a can.

Hoton tauraron ɗan'adam da ke taimako a fili, a kurmi kusan ba shi da amfani, ganye kawai za ka gani. Har lambar hawan ma kada ka ɗauke ta kamar an auna da tef. Bayanin tsayin ƙasa da taswirori da yawa ke dogaro da shi ya samo asali ne daga awon rada da jirgin sama jannati Endeavour ya yi a Fabrairun 2000, kowane ɗigo yana wakiltar kusan mita 30, kuma a daji mai kauri radar tana dawowa ne daga saman itatuwa ba daga ƙasa ba. Hanya mai faɗin mita uku a jikin gangaren tsauni kuwa, ƙaramin kuskure a gefe sai ya sa a lissafa ka a sama ko a ƙasan inda kake. Shi ya sa manhaja biyu za su ba ka hawa daban a hanya ɗaya, kuma wani ɗan gajeren tudu mai kashi 18 zai iya ɓoyewa cikin matsakaicin kashi 7. Ni lambar da ta fi girma a cikin biyun nake yarda da ita. GPS na waya ma yana rawa a ƙarƙashin itatuwa da cikin kwari mai zurfi, sai ka ga ɗigonka ya yi tsalle zuwa wata hanya ta kusa, don haka a mararraba ka ɗan yi gaba mita hamsin ka sake dubawa kafin ka saki birki, in ka gangara kilomita biyu a kuskure hawa za ka yi ka biya. Kuma ka sauke taswirar a waya tun a gida, sabis a kwari ba abin dogaro ba ne.

Hannun da ya mutu a gangara

Wannan kusan na san dalilinsa ba tare da na ga keken ba, iskar kwalta ka shiga daji da ita. Mutane suna bugawa taya PSI 55 ko 60 (PSI ma'aunin iskar taya ne) don ta yi gudu a kwalta, a kan tsakuwa kuwa taya mai tauri tsalle take yi, duk wata gargada tana hawowa kai tsaye zuwa wuyan hannu, kuma ba ta kama ƙasa, sai tsoro ya sa ka ƙanƙame birki tun daga sama har ƙasa, yatsu su sage. Ga mai nauyin kilo 70 zuwa 80 da taya mai milimita 40 zuwa 45 marar tub, wato tubles, wajen PSI 30 zuwa 38 nake farawa, ta gaba ta ɗan fi ta baya laushi. In da tub a ciki sai ka ɗan ƙara, don in ta yi laushi da yawa dutse zai matse tub ɗin da bakin wili ya huda shi guri biyu kamar saran maciji. In firam ɗin kekenka zai ɗauki taya mai milimita 45 ko 50, a dajin tsauni ka sa, ɗan gudun da za ka rasa a kwalta bai kai kwanciyar hankalin da za ka samu a gangara ba. Ruwan da ake zubawa cikin tubles yana bushewa cikin 'yan watanni, ka riƙa dubawa, kuma ko da tubles ne kada ka shiga daji ba tub guda a jaka da famfo da abin toshe huji da mahaɗin sarƙa.

Riƙon ma da yadda ake yi. A doguwar gangara ka sauke hannu zuwa ƙasan lanƙwasar kan keken, a nan yatsa ɗaya ko biyu sun isa jan birki kuma gargada ba za ta fizge hannunka ba, ka sassauta gwiwar hannu, ka ɗan ɗaga daga sirdi ƙafafu su zama su ne sifirin. Birki kuma ja ka saki, ja ka saki, ba riƙewa ɗaya ba, don gangarar mita 600 tana iya gasa farantin birki har ya fara ƙauri ya rage ci. Ka gama rage gudu kafin ka shiga kwana, cikin kwana kan tsakuwa in ka damƙi birkin gaba ƙasa za ka sha. Abin da ya taɓa kayar da ni kuwa ba kwana ba ne, magudanar ruwa ce da ake yankawa a karkace ta ratsa hanya, wani wuri da ƙarfe wani wuri da katako, inuwar itace ta ɓoye ta, tayar gaba ta faɗa ciki a karkace. Tun daga ranar in na hango ta sai na daidaita keke na tsallake ta kai tsaye na saki birki a daidai kanta. Kuma duk kwanar da ba ka ganin bayanta ka ɗauka akwai motar katako ko mai tafiya da kare ko itacen da ya faɗi.

Sanyi, duhu da doka

Iska tana yin sanyi da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da ka hau. Ɗauki Baƙin Daji na kudu maso yammacin Jamus misali, garin Firaibag yana ƙasa da mita 300, ƙololuwar Feldbag kuwa mita 1,493 ce, bambancin kusan digiri 8 ke nan kafin a sa iska. Ka iso sama jiƙe da gumi, sannan ka yi minti ashirin kana gangara ba ka taka feda, sanyin da zai shige ka sai ka kasa jan birki. Rigar iska mai sauƙi da safar hannu ba sa barin jakata ko da rana ta ƙwalle a ƙasa. Duhu kuma a kwarin da ke da itatuwa yana riga lokacin faɗuwar rana da aka rubuta a waya, ni awa guda nake cirewa, kuma ina ɗaukar fitila ko da na yi niyyar dawowa da azahar. In hadari ya taso ka ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa, daƙiƙa uku kusan kilomita ɗaya ce, in ya yi ƙasa da daƙiƙa 30 ka sauka daga kan tudu. Bayan ruwa kuwa hanyar mataki na 2 tana shanyewa cikin yini guda, amma mai yumɓu tana iya cika tsakanin taya da firam har wili ya daina juyawa. Ruwan sha ka lissafa shi da awa, ba da kilomita ba, kwalba biyu ba za su kai ka awa shida ba, ka san inda za ka cika tun a taswira, kuma ka riƙa cin wani abu duk bayan minti arba'in tun yunwa ba ta zo ba. Da ka dawo ka duba jikinka saboda kaska, musamman bayan gwiwa da matsematsi, tana ɗauke da cutar Laim a dazuzzukan Turai da Arewacin Amurka, in ka ga jan zobe yana faɗaɗa a inda ta ciza wannan maganar likita ce ba tawa ba.

Sai doka, wadda manhaja ba kullum take gaya maka ba, kuma ba ka faɗa min ƙasar da kake ba don haka ga yadda abin ya bambanta. A Sikotlan dokar 2003 ta ba mai keke damar bin kusan ko'ina muddin ya kiyaye haƙƙin wasu. A Ostiriya akasin haka ne, dokar daji ta 1975 ta yarda ka shiga da ƙafa amma keke a hanyar daji sai inda mai dajin ya amince, shi ya sa ake bin waɗanda aka kafa wa alama. A jihar Baden-Wurtembag inda Baƙin Dajin yake, an hana keke a hanyar daji da faɗinta bai kai mita biyu ba sai inda aka keɓe, wanda mu masu burji bai cika damunmu ba tunda manyan hanyoyin muke so. A Amurka hanyoyin hukumar gandun daji buɗe suke da yawa, amma duk yankin da aka ayyana a ƙarƙashin dokar jeji ta 1964 keke ba ya shiga. Ban da wannan akwai rufewar wucin gadi, lokacin farauta da lokacin saran itace. In ka ga igiya ko allo an tare hanya kada ka ce bari in lallaɓa in wuce, mai sarrafa injin ba ya jin ka kuma ba ya tsammanin ka. Na taɓa yin wannan gangancin sau ɗaya don ƙyashin komawa baya, itacen da ya faɗo gabana har yau ina jin ƙararsa.

Yadda nake jera hanya

Babban hawa na sa shi a farko ƙafa tana da ƙarfi, ƙarshen tafiya kuma ya zama gangara ko bin rafi a cikin kwari. In zagaye ne ina duba ta wane gefe zan bi, gefen da hawansa ya fi tafiya a hankali kuma ya fi laushin tsakuwa shi nake hawa, amma in ɗaya gefen kwalta ce mai tsananin tudu to gara na hau ta kwaltar na sauko ta burjin, don tudun kashi 13 a kwalta ana hawansa, a tsakuwa turi ne. Sannan ina neman ƙofar fita aƙalla biyu, wato wurin da in abu ya lalace zan iya gangarawa zuwa titi ko ƙauye ko tashar jirgin ƙasa ba tare da wani hawa ba, kuma ina sa wa kaina lokaci, in ƙarfe biyu ta yi ban kai wuri kaza ba to ta ƙofar farko zan fita ba gardama. Hanyar da ta yi siffar lamba 8 ta fi min zagaye ɗaya babba saboda wannan, a tsakiya kana iya yankewa. Ka bar wa wani a gida taswirar da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ka. A ƙasashen Tarayyar Turai lambar gaggawa 112 ce, kuma a dazuzzukan Jamus akwai alluna masu lamba da aka kafa don masu ceto su san inda za su same ka, in ka wuce ɗaya ka ɗauki hotonsa.

In ba ka son zana taka tukuna, bin wadda aka riga aka gwada ya fi. Masu shirya tsere suna zaɓen hanyar da keken burji zai iya bi, misali Dirty Reiver da ake yi tun 2016 a dajin Kilda na arewacin Ingila, kilomita 200 ce kusan duka a hanyar motocin katako, kana iya yanko kashi ɗaya cikin huɗu ka yi abinka. Can ƙarshen abin kuma akwai hanyar Great Divide da ta taso daga Kanada ta bi tsaunukan Roki har iyakar Meksiko, sama da kilomita 4,000 yawanci ba kwalta, wannan ka ajiye ta a mafarki tukuna. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne hanyar da wani ya ɗora a manhaja ya rubuta mata "mai sauƙi", ka duba ko da keken lantarki ya bi, don yanzu da yawa haka ne, mai batir a ƙarƙashinsa bai san tudu ba.

Ni da zan ba ka shawara ta kai tsaye, dajin nan da ya wahalar da kai shi za ka koma, tunda yanzu ka san wani abu a kansa da taswira ba ta sani ba. Buɗe abin da wayarka ta rubuta ranar, duk inda gudunka ya faɗi ƙasa da kilomita 5 a awa nan ne ka yi turi, ka nemi doguwar hanya mai kwana-kwana da ta zagaye wurin ka maye gurbinsa da ita. Ka yanke tafiyar zuwa kilomita 30 da hawa mita 600 zuwa 700, ka rage iska, ka tashi da sassafe. Ban ga ƙasar wurin da idona ba kuma ban san nauyinka ba, don haka lambobin iskar nan mafari ne kawai, ka tafi da famfo ka riƙa rage PSI biyu biyu har ka ji keken ya daina tsalle amma wili bai fara bugun dutse ba. In ka turo min haƙoran giyarka da faɗin tayar da ke kai yanzu sai in gaya maka ko canza faifan baya kaɗai zai wadatar.